BAJE KOLI DA ƳAN JARIDA: Simintin Malbaza da albasar Galmi a gaban alƙalami

Duk wanda ya taɓa halartar buɗe kasuwar baje koli a birnin Yamai, wadda mutanen gari suka fi sani da sunan fuwar, ya san yadda ranar farko take tafiya. Tun da hantsi ake jera kujeru, manyan baƙi su zauna, a yi jawabai, a yanke ƙyalle, sa'an nan minista ya bi rumfuna ɗaya bayan ɗaya, ƴan jarida na biye da shi da na'urorinsu na ɗaukar hoto da na ɗaukar murya. A gaban kowace rumfa ba a cika wuce minti biyu ko uku ba. Mai rumfa ya yi gaisuwa, ya gode wa hukuma, ya miƙa ƴar takarda rubuce da Faransanci, ayari ya wuce. Kashegari jarida ta fito da hoton almakashi da ƙyalle, radiyo ta maimaita jawabin minista, amma maginin Dogon Dutsi da yake son ya san ko simintin nan zai riƙe masa ginin bene, da ɗan kasuwar Gaya da yake son ya san watan da albasa za ta yi sauƙi, babu wanda ya ji abin da zai amfane shi. An biya kuɗin mota da na masauki da na hayar rumfa, abin da aka koma gida da shi hoto ne.

Irin waɗannan kasuwanni ba baƙon abu ba ne. Birnin Paris yana da baje kolin noma tun 1964, Dakar tana da nata tun 1974, Wagadugu ta buɗe na masu sana'ar hannu a 1988, ƴan kasuwar Ƙonni kuwa sun daɗe da sanin hanyar na Kaduna da na Kano. A Nijar an soma baje kolin sana'o'in mata, SAFEM, a shekarar 2000, aka kuma soma na noma da kiwo da ruwa, wanda ake kira SAHEL, a 2014, a ƙarƙashin haɗakar majalisun manoma ta RECA. To amma komai cikar da fili ya yi, waɗanda suka shiga ƙofarsa da ƙafafunsu ƙalilan ne a cikin jama'ar da ta zarce miliyan 25. Sauran duka, in har labari zai kai musu, ta bakin ɗan jarida zai kai. Wannan shi ne dalilin da ya sa mintocin nan biyu ko uku suke da nauyin da masu rumfa da dama ba su ba su ba.

Maganar ta fi shafar gundumar Malbaza da maƙwabtanta, Birnin Ƙonni da Illela, domin wannan yanki na jahar Tawa yana da kaya iri biyu da sunansu ya riga ya zaga ƙasa, wato siminti da albasa. Masana'antar siminti ta farko a Nijar a Malbaza aka kafa ta, ta fara aiki a 1966, tana iya fitar da kimanin tan 40.000 a shekara, abin da bai kai ko kusa da bukatar ƙasa ba yayin da birane suka yi ta faɗaɗa. A 1998 aka sayar da ita ga ƴan kasuwa, kamfanin Scancem na ƙasar Norwe ya shigo ciki. A 2019 aka ƙaddamar da sabuwar masana'anta ta kamfanin MCC, mai ƙarfin tan 650.000 a shekara, wato ninkin tsohuwar fiye da sau goma sha shida. An kuma kafa wata a Badagishiri, cikin gundumar Illela. Ga kuma simintin Najeriya, wanda masana'antarsa ta Sakkwato ba ta kai tafiyar kilomita ɗari daga iyakar Ƙonni ba. Zamanin da mai saye yake rokon a sayar masa da buhu ya wuce. Yanzu yana da zaɓi, kuma mai zaɓi tambaya yake yi.

Abin da ke rubuce a jikin buhu

Tambayoyin mai saye ba su da wuya. A jikin buhun siminti akwai lamba, ko 32.5 ko 42.5, kuma mutane da yawa da suke biyan kuɗinsu ba su san ma'anarta ba. Lambar tana nuna ƙarfin da simintin yake kaiwa bayan ya yi kwana 28 da kwaɓawa, gwargwadon awon da masana suke yi ta hanyar danne shi da na'ura har ya fashe. Mai lamba 32.5 ya isa buga bulo da yaɓe da ginin gida na yau da kullum, mai 42.5 kuwa shi ake nema wajen aikin da zai ɗauki nauyi, kamar gadoji da manyan benaye. Wanda ya sayi babba don aikin ƙarami ya yi asarar kuɗi, wanda ya sayi ƙarami don aikin babba yana iya asarar abin da ya fi kuɗi. Wannan bayani bai fi minti ɗaya ba a bakin wanda ya san shi, kuma shi ne irin abin da mai sauraron radiyo yake riƙewa ya gaya wa maƙwabcinsa. Amma sau da yawa wanda ake ajiyewa a rumfa saurayi ne ko budurwa da aka ɗauka don kwanakin kasuwar kawai, aka sa masa riga mai tambarin kamfani, aka ce ya raba takardu. In ɗan jarida ya tambaye shi bambancin lambobin nan biyu, sai ya ce a jira darakta, darakta kuwa ya bi ayarin minista.

Haka nan maganar kuɗi. A watan Oktoba na 2024, bayan ambaliyar da ta rushe dubban gidaje a daminar shekarar, gwamnati ta rage kuɗin siminti mai lamba 32.5, ta tsaida tan guda a kan jika 55 a Yamai, ta kuma yanka wa sauran jahohi nasu farashin, tare da sauƙaƙa wa masana'antu haraji. Talaka ba ya sayen tan, buhu yake saye. Buhu kilo 50 ne, buhu 20 ke cika tan, saboda haka jika 55 ɗin nan ma'anarta jika 2 da dala 150 a kowane buhu. Labarin da ya tsaya a tan labarin ofis ne. Wanda ya sauko zuwa buhu, ya faɗi kuɗin da dala kamar yadda ake ƙirga a kasuwa, shi ne ya ba mai saye abin da zai riƙe ya tsaya gaban mai kanti. Wannan lissafi aikin mai rumfa ne ya yi shi tun daga gida, ya rubuta shi baro-baro, da Faransanci da Hausa da Zabarmanci, ya haɗa da abin da kuɗin mota yake ƙarawa a kan buhu daga Malbaza zuwa Yamai, tafiyar kimanin kilomita 450.

Akwai kuma tambayoyin da mai masana'anta ba ya marmarin ji. Siminti daga dutsen farar ƙasa ake yin sa: a haƙo shi, a niƙa shi tare da yumɓu, a ƙona a cikin tanda mai zafin da ya kai digiri 1.450, sa'an nan a sake niƙa abin da ya fito tare da ɗan dutsen jips. Aiki ne mai cin makamashi, mai tada ƙura, mai bukatar fili. Don haka duk inda aka kafa irin wannan masana'anta a duniya, mutanen da ke kewaye da ita suna tambaya a kan ƙura da lafiyar ƙirji, da gonakin da aka haƙa, da yawan ƴaƴansu da aka ɗauka aiki. Ɗan jaridar da ya yi waɗannan tambayoyi a gaban rumfa bai zo da gaba ba, saƙon masu sauraronsa ya kawo. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kamfanin da ya zo baje koli ya riga ya kira jama'a su dube shi, kuma amsa ta gaskiya, ko da cewa ce aiki kaza bai kammala ba sai wata kaza, ta fi shiru daraja, domin shirun nan jita-jita ce take cike shi, a tasha da majalisun shayi da saƙonnin WhatsApp.

Darasin albasa

Wanda yake shakkar cewa abin da aka faɗa a filin baje koli yana iya juya al'amari, ya dubi abin da ya faru da albasa. Garin Galmi, wanda yake cikin gundumar Malbaza, shi ya ba da sunansa ga albasar nan mai launin shunayya da ake nomawa a kwarin Maggiya da sauran fadamun Adar, wadda manyan motoci suke ɗauka daga Galmi da Tsarnawa zuwa Akara da Kumasi da Abijan da Lome da Kwatano. Albasa tana cikin manyan kayan da Nijar take fitarwa waje, kuma ƴar Galmi ita ce kan gaba saboda yajinta da jimirin ajiya. Wani kamfanin sayar da irin shuka na ƙasar Senegal, Tropicasem, reshen kamfanin Technisem na Faransa, ya nemi hukumar OAPI, mai kula da haƙƙin mallakar fasaha a ƙasashen Afirka 17, wadda cibiyarta take Yawunde, ta ba shi takardar mallakar irin albasa da sunan Violet de Galmi. Takardun neman suna can a ofis, manoman Galmi ba su da labari. A 2009, a wajen baje kolin irin shuka na manoma da aka yi a ƙauyen Jimini na ƙasar Senegal, ƙungiyoyin manoma suka tada maganar a bainar jama'a, aka baza ta, ta iso Yamai, hukumomin Nijar suka ƙi amincewa, kamfanin bai samu sunan Galmi ba, ya koma ga wani suna, Violet de Damani. A 2023 aka miƙa wa Nijar takardun shaidar da suka ɗaure sunan albasar Galmi da na kilishin Nijar ga ƙasarsu ta asali.

Abin lura a nan shi ne, waɗanda suka tada maganar ba yabo suka kawo ba, ba kuma kuka kawai suka kawo ba. Sun zo da sunan kamfani, da sunan hukumar da aka kai wa takarda, da sunan irin da ake nema. Abu ne da za a iya bincikawa a tabbatar, shi ya sa aka iya bugawa, shi ya sa kuma ofisoshi suka motsa. Da cewa suka yi kawai ana zaluntar manoma, da maganar ta mutu a inda aka yi ta.

Ƙungiyoyin manoman albasa, irin su ANFO da ƙungiyoyin gama kai na ƙauyuka, suna da abubuwa da yawa masu kama da wannan da za su iya ɗora wa ɗan jarida a hannu. Kowa a Adar ya san cewa a watannin Maris da Afrilu, lokacin da ake cirar albasa, kuɗinta yana faɗuwa ƙasa warwas, sa'an nan ya yi ta hawa har ƙarshen shekara, kuma wanda ya iya ajiya shi ke cin ribar. Kowa ya san rudu, da yawan abin da ke ruɓewa a cikinsa kafin damina ta fita. Kowa ya san ana sayar da albasa da buhu ba da sikeli ba, kuma buhun da ake ɗinka masa hula a ka yana cin abin da manomi bai auna ba. An kuma ga yadda motoci suka tsaya da kaya lokacin da Najeriya ta rufe iyakarta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da lokacin takunkumin CEDEAO daga tsakiyar 2023 zuwa Fabrairu 2024. Mutumin Yamai bai san rabin wannan ba. Rumfar da ta ajiye sikeli ta auna buhu a gaban ƴan jarida, ta nuna albasar da ta yi wata biyar a rudu kusa da wadda ta yi wata biyar a ingantaccen ɗakin ajiya, ta ba su labarin da ya fi jawabi goma, domin gani ya kori ji.

Sai maganar da ba a so a yi da ƙarfi, wato ambulan. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa bayan hira akan kira ɗan jarida gefe a ba shi abin da ake kira kuɗin mota. Tun da aka buɗe fagen jaridu masu zaman kansu a 1990 da fitowar Haske, aka kuma samu gidajen radiyo masu zaman kansu daga 1994, kafofin labarai sun yawaita fiye da tallar da za ta ciyar da su, kuma ma'aikatansu da dama albashinsu bai taka kara ya karya ba, in ma yana zuwa. Wanda ya san wannan ba zai yi saurin zagi ba. Amma ya kamata mai biya ya san abin da yake saye. Maroƙi yana da sana'arsa, yana da mutuncinsa a cikinta, kowa kuma ya san an ba shi ne ya yi kirari. Shi ya sa ba a taɓa jin wanda ya zaɓi simintin da zai zuba wa harsashin gidansa saboda kirari ba. Ranar da mai sauraro ya gane cewa muryar ɗan jarida ma sayenta ake yi, daga ranar ya daina gaskata ta, har a lokacin da take faɗin gaskiya a kan kaya mai kyau. Mai ambulan ya lalata abin da ya zo nema.

Hanyar da ta dace tana nan kuma ba ta da tsada fiye da waccan. Wanda yake son a yabi kayansa da kalmomin da ya zaɓa, ya je ofishin jarida ko na radiyo ya sayi fili, a ba shi rasit, a rubuta a sama cewa talla ce, mai karatu ya san da wa yake magana. Wanda kuma yake son ɗan jaridar Ƙonni ko na Tawa ya zo Yamai ya ga rumfarsa, babu laifi ya ɗauki nauyin mota da masauki, muddin an yi shi a fili, da sanin shugaban gidan jaridar, ba tare da sharaɗin abin da za a rubuta ba. Iyakar da ke tsakanin waɗannan biyu da ambulan a sarari take ga duk mai son ganinta.

Harshe ma yana cikin lissafi. Mafi yawan manya a Nijar ba sa karanta Faransanci, kuma masu noman albasa da masu buga bulo suna cikin wannan rinjaye. Magabata sun gane haka da wuri: an kafa ƙungiyoyin sauraron radiyo tun 1962, ma'aikatar yaƙi da jahilci kuma ta buga jaridun karkara irin su Ganga da Sabon Ra'ayi domin wanda ya koyi karatu da harshensa ya samu abin karantawa a kan gonarsa da kasuwarsa. Daga 1999 radiyoyin karkara suka fara bazuwa a ƙauyuka. RECA ta buɗe layin waya inda manomi yake tambaya a amsa masa da Hausa ko Zabarmanci. Duk da haka, a filin baje koli akan ga an tanadi kujera da ruwan sanyi domin mai kyamarar telebijin, wakilin sashen Hausa kuwa ya tsaya a baya yana jiran wanda zai yarda ya maimaita masa jawabi a gurguje. Wannan juya lissafi ne. Hoton telebijin yana faranta ran darakta, amma wanda zai sayi buhu ɗari ko ya loda mota guda ta albasa ya fi yiwuwa a same shi da radiyo a kunne. Kowace rumfa ta yankin nan tana bukatar mutum ɗaya da ya san kayan ciki da waje, wanda zai iya bayaninsu da Hausa ba tare da ya tsoma Faransanci a kowace jimla ba, kuma a bar shi a wurin har ranar rufewa.

Su ma ƴan jarida akwai nasu. Wanda ya zo ranar buɗewa kaɗai, ya bi minista, ya karɓi takardar jawabi ya tafi, bikin ya gani, bai ga kasuwar ba. Kasuwa tana farawa ne a rana ta biyu da ta uku, bayan an kwashe kujeru, lokacin da matar da ta kawo gabu da busasshiyar albasa daga ƙauyen Dogarawa take da sararin faɗin nawa ta sayar, nawa hayar rumfa ta ci mata, ko wani babban mai saye ya karɓi lambarta. Kuma abin da aka ji a rumfa ba a buga shi haka nan: in an ce buhu jika kaza ne, sai a leƙa kanti biyu ko uku a cikin gari a ga ko haka ake sayarwa; in an ce siminti yana da ƙarfi, sai a tambayi magina da injiniyoyin da suka yi aiki da shi.

Ragowar aikin yana wuyan ma'aikatan hukuma na yankin, shugabannin gundumomi da magadan gari da majalisar manoma ta jahar Tawa da majalisar ƴan kasuwa, domin su ne suke tsara tawagar da za ta tafi, su ne kuma suke sa hannu a kan kuɗin tafiya. Yana cikin ikonsu su tara masu rumfa mako biyu kafin tashi, su tambayi kowa abin da zai faɗa in an miƙa masa makirfo, su tabbatar lambobin da za a ba ƴan jarida ɗaya ne a bakin kowa. Yana cikin ikonsu, bayan an dawo, su sa tawaga ta zauna a gidan radiyon Ƙonni ko na Malbaza ta gaya wa waɗanda suka aike ta abin da aka sayar da waɗanda aka ƙulla ciniki da su. Akwai kuma tambayar da ta kamata su shirya mata amsa tun yanzu, domin duk ɗan jaridar da ya san aikinsa zai yi ta a gaban rumfar albasa: tun da sunan Galmi ya samu takardar shaida, wane ne yake da izinin buga shi a jikin buhu, wane ne yake duba abin da ke cikin buhun, a wane ofishi manomin Tsarnawa ko na Gidan Idar zai je ya rubuta sunansa, kuma nawa ne zai ƙaru a kan kuɗin buhunsa idan ya yi haka.